Ƙunshin Manhajojin Biyan Wata-Wata: Yadda Ake Gane Mai Riba da Mai Cin Aljihu

A shekarun baya, wanda ke son waƙa ko fim sai ya kai memorinsa shagon masu turawa, ya biya sau ɗaya, abin ya zama nasa har ranar da memorin ya lalace. Yanzu lamarin ya sauya. Waƙa haya ce, fim haya ne, wurin ajiye hotuna haya ne, har manhajar rubutu ta kwamfuta ta koma haya. Ana biya duk wata, ranar da aka daina biya kuma a rufe ƙofa.

Da hayar ta yi wa jama'a yawa, sai kamfanoni suka fito da wata dabara. Su haɗa hidimomi uku ko huɗu wuri guda, su sa musu farashi ɗaya, su ce an yi ragi. Wannan haɗin shi ake nufi da ƙunshi a wannan darasi. Wani ƙunshin yana rage wa mutum kashe kuɗi da gaske, wani kuma yana ƙara masa ne alhali yana murna an yi masa ragi. Hanyar rarrabe su guda ce: a auna ƙunshin da kuɗin da mutum zai fitar daga aljihunsa da a ce babu ƙunshin, ba da jimillar farashin da kamfani ya jera a talla ba.

Ire-iren ƙunshin da ake da su

Wanda ya taɓa biyan DStv ko GOtv ya riga ya san ƙunshi. Yana son tashar ƙwallo, amma sai ya biya kuɗin tashoshi da yawa waɗanda ba ya ko leƙawa. Abin da ke cikin waya ma haka yake, ya dai kasu kashi uku.

Na farko shi ne wanda kamfani ɗaya ke haɗa hidimominsa. Apple One, wanda ya fito a Oktoban 2020, ya haɗa Apple Music da Apple TV+ da wasannin Apple Arcade da ma'adanar iCloud. YouTube Premium ya haɗa cire talla, da sauke bidiyo, da ci gaba da sauraro bayan an kashe fuskar waya, da kuma manhajar YouTube Music. Microsoft 365 ya haɗa Word da Excel da PowerPoint da ma'adanar OneDrive mai terabait 1. Amazon Prime ya faro a 2005 a matsayin tsarin kawo kaya gida da sauri, daga baya aka ƙara masa fina-finai da waƙoƙi.

Na biyu shi ne na kamfanonin layin waya, inda ake haɗa data da mintunan kira, ko a sayar da data wadda ba ta aiki sai a WhatsApp da Facebook, ko wadda ba ta aiki sai da dare.

Na uku shi ne tsarin iyali. A nan hidimar ɗaya ce, mutanen ne aka haɗa a ƙarƙashin biya guda.

Me ya sa kamfanoni ke son ƙunshi?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfani ba ya yin ragi sai ya ga abin da zai samu, kuma gane wannan shi ne rabin darasin.

A ƙaddara akwai abokai biyu. Na farko mai son waƙa ne, zai iya biyan naira 1,500 a kanta, amma fim ba zai biya fiye da 500 ba. Na biyu mai son fim ne, zai biya 1,500 a kansa, waƙa kuwa 500 kawai. Idan kamfani ya sa wa kowace hidima 1,500, kowannensu zai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, kamfani ya tashi da 3,000. Idan kuma ya haɗa biyun ya ce 2,000, dukansu za su saya, domin a wajen kowannensu haɗin ya kai darajar 2,000. Kamfani ya tashi da 4,000 ke nan.

Abin da ya sa wannan dabarar ta fi tasiri a manhaja shi ne, ƙara wa mutum hidima ta biyu ba ya cin wa kamfani wani abin kirki. Mai tumatir idan ya ƙara gyara, tumatirinsa ya ragu. Mai manhaja idan ya buɗe wa mutum sashen wasanni, alama ce kawai ya sauya a cikin rumbun bayanansa, daga "a'a" zuwa "e". Idan mutumin bai taɓa buɗe wasannin ba ma, ya fi wa kamfanin.

Akwai dalili na biyu. Wanda ke biyan hidima ɗaya yana iya barin ta duk ranar da ya gaji. Wanda hotunansa da waƙoƙinsa da takardunsa ke cikin biya guda kuwa, sai ya yi tunani sau uku kafin ya soke. Ƙunshi igiya ce da ke riƙe mai saye.

Wannan ba ya nufin ƙunshi yaudara ne. Yana nufin ragin da ke ciki an tsara shi ne don amfanin mai sayarwa, kuma ya rage wa mai saye ya duba ko shi ma yana da rabo.

Lissafin da ya fi kowanne muhimmanci

Farashin Apple One a Amurka ranar da ya fito misali ne mai kyau, domin alƙaluman a bayyane suke. A lokacin, Apple Music dala 9.99 ne a wata, Apple TV+ dala 4.99, Apple Arcade dala 4.99, iCloud mai gigabait 50 kuma dala 0.99. Jimilla dala 20.96. Ƙunshin mutum ɗaya dala 14.95 ne. A takarda an yi ragin dala 6.01.

Wannan ragin na wanda ke amfani da duka huɗun ne. Ga yadda lissafin yake ga sauran mutane.

Wanda waƙa da ma'adana kaɗai yake buƙata, da zai biya dala 10.98. Idan ya shiga ƙunshin ya ƙara dala 3.97 a kowane wata, wato dala 47.64 a shekara, a kan abubuwan da bai nema ba.

Wanda ke buƙatar waƙa da fim da ma'adana, da zai biya dala 15.97. Ƙunshin ya rage masa dala 1.02 kacal, ya kuma samu wasanni a matsayin gyara.

Wanda waƙa kaɗai yake so, ƙunshin ya ɗora masa kusan rabin abin da yake biya.

Ƙunshi ɗaya, farashi ɗaya, amma sakamako daban-daban. Don haka tambayar "shin wannan ƙunshin yana da araha?" ba ta da amsa guda. Sai an san waye mai sayen.

Ga yadda ake yin lissafin. A rubuta duk abin da ke cikin ƙunshin a jere. A gaban kowanne a rubuta kuɗin da mutum zai yarda ya biya da shi kaɗai ake sayarwa. Abin da yake biya tun da, a rubuta cikakken farashinsa. Abin da zai so amma ba a wannan farashin ba, a rubuta abin da zuciyarsa ta yarda da shi. Abin da ba zai taɓa saya ba, a rubuta sifili, ko da kamfani ya ce darajarsa ta kai dubu goma. Sai a tara. Idan jimillar ta fi farashin ƙunshin, akwai riba. Idan ba ta kai ba, kallon kitse ake yi wa rogo.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne wajen rubuta sifilin nan. Mutum kan ce ai wata rana zai fara buga wasannin, ko zai koyi Excel. A wannan lissafin, abin da aka yi a watan jiya shi ne shaida.

Abin da ake samu kyauta ma yana shiga lissafi

Kafin a sa wa wata hidima daraja, a duba abin da ke maye gurbinta ba tare da biya ba. Matashin da yawancin kallonsa shirye-shiryen Hausa ne masu dogon zango, irin su Labarina da Izzar So, a YouTube yake samun su kyauta. A wajensa, ƙunshin da ke alfahari da dubban fina-finan Amurka bai ƙara masa komai ba. Abin da zai iya yi masa amfani shi ne cire talla da sauke bidiyo. Haka ma wanda karatun Alƙur'ani da wa'azi ya fi saurare, mafi yawansu ana samun su kyauta.

Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, waɗanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa. Apple yana ba da gigabait 5. Spotify yana da tsarin kyauta mai talla. Google Docs yana yin yawancin aikin rubutun da ɗalibi ke buƙata. Darajar hidimar biya ita ce tazarar da ke tsakaninta da ta kyauta, kuma sau da yawa tazarar ba ta kai yadda talla ke nunawa ba.

Kuɗin da ba a rubuta a talla ba: data

Waɗanda suka tsara yawancin waɗannan hidimomi suna zaune ne a inda intanet ɗin gida ba ya ƙarewa. Mai waya a Kano ko Maraɗi kuwa gigabait-gigabait yake saya, don haka kuɗin hidima ɗaya ne, kuɗin isa gare ta wani ne daban.

A ƙiyasin Netflix, idan manhajar waya tana kan saitin da take zaɓa wa kanta, gigabait 1 yana kai kimanin awa 4 na kallo. Hoto mai kyau sosai, wato HD, yana iya cin har gigabait 3 a awa guda. Wanda ke kallon awa ɗaya kullum zai ci kimanin gigabait 7.5 a wata a saitin farko. A ƙaddara gigabait ɗaya naira 400 ne, datar kaɗai ta kai naira 3,000. Tsarin Netflix na waya a Najeriya ya koma naira 2,500 a tsakiyar 2025. Wato a wannan misalin datar ta fi kuɗin hidimar kanta.

Waƙa ba ta kai haka ci ba. A Spotify, matsakaicin inganci kilobit 96 ne a daƙiƙa, wanda ke kamawa kimanin megabait 43 a awa. Mafi ingancin tsarin da aka saba, kilobit 320, yana cin kimanin megabait 144 a awa. Awa biyu kullum a matsakaicin inganci bai wuce gigabait 2.6 a wata ba, kuma idan aka sauke waƙoƙin sau ɗaya, sauran sauraron ba ya cin komai.

Darasin a nan shi ne, sashen bidiyo na kowane ƙunshi yana zuwa da nasa kuɗin a ɓoye. Wanda ba shi da halin sayen datar, sashen bidiyon a wajensa sifili ne, ko da yana sha'awar fina-finan. A tuna kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin layi su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, don haka lissafin da aka yi kafin lokacin ya tsufa.

Ƙunshin kamfanonin layi ma yana buƙatar irin wannan dubawa. Datar da aka keɓe wa WhatsApp ko Facebook tana da araha, amma da zarar an latsa adireshin da ya fita zuwa wani shafin, babbar data ko kuɗin kati za a fara ci. Datar dare kuwa amfaninta ga mai sauke manyan fayiloli ne. Wanda ke barci a lokacin, ya sayi abin da zai ƙare bai taɓa shi ba.

Farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya

Farashin da aka shiga da shi ba shi ne za a ci gaba da biya ba. Apple One na mutum ɗaya ya tashi daga dala 14.95 a 2020 zuwa 16.95 a 2022, sannan 19.95 a 2023. Amazon Prime ya fara da dala 79 a shekara, ya koma 99 a 2014, 119 a 2018, 139 a 2022.

A Najeriya abin ya fi tsanani saboda faɗuwar naira. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,400. Netflix ya ƙara farashi sau biyu a 2024, a Afrilu da Yuli, inda tsarin waya ya tashi daga naira 1,200 zuwa 2,200. YouTube Premium na mutum ɗaya ya tashi daga 1,100 zuwa 1,700 a Afrilun 2025. Wanda hidimarsa da dala ake cajinta kuwa, farashinsa na motsi duk lokacin da canji ya motsa, ko kamfani bai ƙara ko kwabo ba. Yana da kyau a duba da wane kuɗi ake caji tun kafin a shiga.

Abin da ke cikin ƙunshin ma yana sauyawa. Google ya cire hidimar VPN daga Google One a 2024. A farkon 2024 Amazon ya sa talla a Prime Video a Amurka, ya ce mai son a cire ta ya ƙara dala 2.99 a wata. A Janairun 2025 Microsoft ya cusa manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira, Copilot, cikin Microsoft 365, farashin shekara na mutum ɗaya a Amurka ya tashi daga dala 69.99 zuwa 99.99. Akwai tsarin da ya bar tsohon farashi ba tare da Copilot ba, kuma a Oktoban 2025 hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta kai kamfanin kotu, tana zarginsa da ƙin bayyana wa kimanin mutum miliyan 2.7 wannan zaɓin.

Saboda haka, lissafin ƙunshi ba na sau ɗaya ba ne. Duk saƙon da ya zo cewa an sauya farashi ko an ƙara wani abu, lokacin sake lissafi ya yi.

Kuɗin fita

Shiga ƙunshi minti ɗaya ne. Fita ita ce ke da aiki, musamman idan akwai ma'adana a ciki.

A ɗauki wanda ya tara hotuna da bidiyo na gigabait 80 a Google. Ranar da ya daina biya, iyakarsa ta koma gigabait 15. Ba za a share kayansa nan take ba, amma ba zai iya ɗora sabo ba, kuma Gmail ɗinsa zai daina aikawa da karɓar saƙo. Ga mai jiran imel ɗin neman aiki ko na makaranta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ya zauna sama da iyaka har shekara biyu, ƙa'idar Google ta ba shi damar share kayan. Tun farkon 2024 kuma, ajiyar hirarrakin WhatsApp a wayoyin Android ta shiga cikin wannan lissafin, shi ya sa da yawa suka ga ma'adanarsu ta cika ba zato.

Waƙoƙi da fina-finan da aka sauke ma ba mallakar mutum ba ne. A kulle suke cikin manhaja, suna buɗewa ne muddin hayar na gudana. Spotify yana buƙatar a hau intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30 don waƙoƙin da aka sauke su ci gaba da aiki.

Dabarar ita ce a shirya hanyar fita tun kafin a shiga. A riƙa ajiye kwafin hotuna masu muhimmanci a kwamfuta ko memori. Google Takeout yana ba da damar sauke duk kayan asusu. Wanda ke da kwafi a hannu shi ne zai iya cewa ya fasa idan an ƙara farashi.

Wahalar sokewa ma abu ne da hukumomi suka sa wa ido. A Yunin 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta yi ƙarar Amazon bisa zargin shigar da mutane Prime ba da cikakken saninsu ba, da kuma tsawaita hanyar fita. A Satumban 2025 aka sasanta a kan dala biliyan 2.5.

Shin komai yana aiki a inda mutum yake?

Yawancin bidiyon da ke yabon ƙunshi a intanet daga Amurka ko Turai suke, kuma lissafinsu na can ne. Ginshiƙin Amazon Prime shi ne kawo kaya gida da sauri, alhali Amazon ba shi da shago a Najeriya ko Nijar. Apple News+, wanda ke cikin babban tsarin Apple One, a ƙasashe huɗu yake aiki: Amurka da Kanada da Birtaniya da Ostireliya. Fina-finan da ke cikin manhaja ɗaya ma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda lasisin kowace ƙasa daban ake saye.

Wayar da ke hannu ma tana da ta cewa. Wasannin Apple Arcade ba sa aiki a Android. Wayar da ma'adanarta ta kusa cika ba za ta amfana da damar sauke fina-finai ba. Kafin a biya, a buɗe shafin kamfanin daga cikin asusun mutum, a ga ainihin abin da aka jera wa ƙasarsa.

Tsarin iyali: inda ragin gaskiya ya fi yawa

Idan akwai ƙunshin da lissafinsa ya fi fitowa, to na iyali ne, domin a nan ba a cusa wa mutum abin da bai nema ba. Bayan ƙarin Afrilun 2025, YouTube Premium na iyali a Najeriya naira 2,800 ne, kuma yana ɗaukar mai biya da wasu mutum biyar. Idan shida suka raba, kowa bai kai 470 ba, maimakon 1,700. Microsoft 365 na iyali yana ɗaukar mutum shida, kowa da terabait 1 nasa. Google One ma ana raba shi da mutum biyar, kuma kowa hotunansa na nan a sirrinsa. Ɗalibai kuma suna da rangwame a Spotify da YouTube idan an tantance makarantarsu.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Spotify da YouTube sun shardanta a kasance a gida ɗaya. Google ba ya barin mutum ya sauya rukunin iyali fiye da sau ɗaya a wata 12. Ya kamata kuma a yi hattara da masu tallar gurbi a WhatsApp da Telegram. Wanda ya biya baƙo, ba shi da abin riƙewa idan aka cire shi bayan mako guda, kuma duk wanda ya nemi kalmar sirrin imel don "ya saka mutum a ciki", a guje shi, domin gayyata kawai ake aikawa. Ko tsakanin 'yan gida ɗaya, a fayyace wanda zai riƙa biya da ranar da kowa zai kawo nasa kason, kada naira ɗari biyar ta ɓata zumunci.

Yaushe ƙunshi ke da riba?

Ƙunshi yana da riba idan mutum yana biyan biyu ko fiye daga abin da ke ciki tun da, kuma farashin ƙunshin bai kai jimillarsu ba. Yana da riba idan ya maye gurbin wata hidimar da za a soke. Wanda ke biyan wata manhajar waƙa daban kuma yana yawan kallon YouTube, idan ya koma YouTube Premium ya soke waccan, ƙarin da zai yi kaɗan ne. Amma idan ya shiga sabon bai soke tsohon ba, yana biyan waƙa sau biyu ke nan. Yana kuma da riba idan za a raba shi da 'yan gida.

Ba shi da riba idan abu ɗaya ake so a ciki. Ba shi da riba idan buƙatar ta ɗan lokaci ce. Mai son wani shiri guda ya fi masa ya biya wata ɗaya, ya kalla, ya soke. Haka biyan shekara guda a dunƙule: yana da ragi, amma sai ga hidimar da aka riga aka yi watanni ana amfani da ita.

Gwajin da kowa zai iya yi

Mataki na farko, a gano abin da ake biya yanzu. A Android, a buɗe Play Store, a taɓa hoton asusu, a shiga "Payments & subscriptions", sannan "Subscriptions". A iPhone, a shiga Settings, a taɓa suna, a zaɓi "Subscriptions". A duba saƙonnin banki na wata uku, domin abin da aka biya kai tsaye a shafin kamfani ba ya fitowa a can. Masu layin Najeriya suna iya danna *305# don dubawa da dakatar da ƙananan hidimomin da ke cin kati.

Mataki na biyu, a duba amfanin gaskiya. Digital Wellbeing a Android da Screen Time a iPhone suna nuna mintunan da aka yi a kowace manhaja. A raba kuɗin wata, haɗe da na data, da awannin da aka yi. Hidimar naira 1,700 da aka yi awa 40 a cikinta ta kama kimanin naira 43 a awa. Wadda aka yi awa 2 kuwa ta kama 850.

Mataki na uku, a yi jeren nan na daraja, a sa sifili a inda ya dace, a kwatanta da farashin ƙunshin.

Mataki na huɗu, idan an shiga gwajin kyauta, a sa ƙararrawa kwana biyu kafin ya ƙare. Lokacin da aka shigar da katin banki, an ba kamfanin izinin cire kuɗi da kansa duk wata ba tare da ya sake tambaya ba. Goge manhaja daga waya ba ya janye wannan izinin. Sai an shiga an soke, kuma a yawancin hidimomin biya, wanda ya soke yana ci gaba da amfani har ƙarshen kwanakin da ya biya.

Kammalawa

Naira 2,000 a wata ba ta da nauyi a baki, amma a shekara 24,000 ce, kuma idan uku suka taru an doshi kuɗin ƙaramar waya. Kamfanoni sun yi nasu lissafin kafin su sa farashi. Wanda zai biya ma ya ɗauki biro da takarda ya yi nasa: me yake amfani da shi, nawa zai biya da shi kaɗai ne, nawa data za ta ci, kuma ta ina zai fita. Ƙunshin da ya tsallake waɗannan tambayoyi huɗu ya cancanci kuɗinsa. Bayan wata uku, a sake yi masa su.